Bita kan allon INA219: zai ba ka karant da boltej, amma ƙirgar caji da makamashi aikinka ne

Duk wanda yake so ya san yawan wutar da wani ɓangare na sakit yake ci, ko batir ne ko fitila ko ƙaramar mota (injin juyawa na lantarki), da wuya bai ci karo da allon INA219 ba. Allo ne ƙarami, bai kai faɗin yatsu biyu ba. A kansa akwai ayisi (IC, ɗan guntun da ke yin awon) na kamfanin Texas Instruments, da resista guda mai ɗan girma da aka rubuta wa R100, da mazaunin waya mai sukuru biyu, sai fil-fil na haɗawa da ƙaramar kwamfutar da za ta karanta awon, irin Arduino ko Raspberry Pi ko ESP32. Masu sayarwa kan kira shi mitar wat, wasu ma har su ce mitar makamashi. Sunan farko yana da gaskiya a ciki, na biyun kuwa ƙarin gishiri ne, kuma daga nan ne yawancin masu amfani da shi suke ruɗewa.

Abin da allon yake aunawa da kansa abu biyu ne kawai. Na farko shi ne boltej ɗin da ke tsakanin ƙafar VIN− (wadda ke zuwa lodi, wato abin da ke cin wutar) da GND (ƙafar negatif), daga sifili zuwa 26 V. Na biyu shi ne ɗan boltej ɗin da yake faɗuwa a kan resistan nan R100, wanda ake kira shant, mai ƙimar 0.1 Ω. Karant ba a auna shi kai tsaye, ana fitar da shi ne da dokar Ohm: a raba boltej ɗin shant da 0.1. Idan an ga 50 mV a kan shant, to 0.5 A ke wucewa. Iyakar abin da ayisin zai iya karantawa a kan shant ita ce 320 mV, shi ya sa ake cewa allon yana kai wa 3.2 A. Daga waɗannan biyun ne ayisin yake ninkawa ya ba da wat. Bayan wannan babu wani abu. Ba shi da agogo, ba ya tara lissafi, bai san abin da ya wuce a daƙiƙar da ta gabata ba.

Wannan yana da muhimmanci saboda caji da makamashi duka taruwa suke yi a kan lokaci. Karant shi ne saurin wucewar caji: 1 A yana nufin kulom ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma kulom ɗaya cajin ilektoron kusan 6.24 × 10^18 ne. Wat kuma saurin wucewar makamashi ne: 1 W yana nufin jul ɗaya a kowace daƙiƙa. Don haka caji shi ne karant sau lokaci, makamashi kuma wat sau lokaci. Ma'aunan da aka saba gani a jikin batir daga nan suka fito: 1 mAh daidai yake da kulom 3.6, 1 Wh kuma jul 3600 ne.

A ɗauki lodi mai cin wuta daidai wa daida, misali layin fitilun LED da ke jan 0.5 A daga 12.00 V na tsawon awa 3. Awa 3 daƙiƙa 10,800 ce, cajin da ya wuce ke nan kulom 5400, ko 1500 mAh. Abin da ke ba da wutar yana fitar da 6 W, a awa 3 ya zama 18 Wh, wato jul 64,800. Sai dai allon ba 6 W zai nuna ba. Shant ya cinye 0.05 V, fitilar 11.95 V take gani, kuma tunda a ɓangaren VIN− ake auna boltej, abin da za a karanta shi ne 5.975 W. Ragowar 0.025 W ta zama zafi a jikin shant. Idan aka haɗa biyun sai a koma 6 W cif. Wanda yake son boltej ɗin batir, ba na lodi ba, sai ya ƙara boltej ɗin shant a kan abin da ya karanta. Wannan tsari ne mai kyau ga mai auna lodi, amma ya kamata mutum ya san wane ɓangare yake aunawa kafin ya fara zargin allon da ƙarya.

Haɗa shi ba wuya. Ana yanke wayar fositif da ke zuwa lodi, ɓangaren batir ya shiga VIN+, ɓangaren lodi ya shiga VIN−. VCC, ƙafar da ke ba allon wuta, yana karɓar daga 3 V zuwa 5.5 V, kuma ayisin kansa bai wuce ya ci kusan 1 mA ba. SDA da SCL su tafi ƙafafun I2C na Arduino, wato layin da allon yake aika lambobinsa ta kai. Adireshinsa na asali 0x40 ne, kuma da ɗigon dalma a kan A0 ko A1 ana samun 0x41, 0x44 da 0x45, don haka allo huɗu za su zauna a kan layi ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mantawa da haɗa negatif ɗin batirin da ake aunawa da GND na allon. Idan ba a haɗa ba, boltej zai riƙa yawo ba ma'ana, wat ma ya bi shi, ko da karant yana fitowa kamar daidai.

Karant yana fitowa da alama. Idan ya shiga ta VIN+ ya fita ta VIN−, lambar fositif ce, idan ya juyo ta zama negatif. Wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi burge mu a allon, domin ya dace da ƙa'idar da ake koyarwa a darasin sakit: idan karant ya shiga abu ta ƙafarsa mai boltej mafi girma, abun yana karɓar makamashi, idan ta nan yake fita, bayarwa yake yi. Resista kullum karɓa yake. Batir kuwa yana yin duka biyun, yana karɓa lokacin caji, yana bayarwa lokacin aiki. Allo ɗaya a bakin batir zai nuna duka, muddin an ninka boltej da karant a cikin furogiram ana riƙe da alamar, an kuma ware jimillar shiga daban da ta fita.

Sai maganar saiti. A cikin ayisin akwai rajista shida, wato wuraren ajiye lamba: ta saiti, ta boltej ɗin shant, ta boltej ɗin layi, ta wat, ta karant, da ta kalibireshan. Daga kunna shi, rajistar kalibireshan sifili ce, kuma muddin tana sifili, rajistar karant da ta wat ma sifili za su ba da. Da yawa kan ɗauka allon ya lalace ne alhali ba a gaya masa girman shant ɗinsa ba. Lambar da ake rubutawa ana samun ta ne ta raba 0.04096 da sakamakon ninka ƙimar shant da matakin karant da aka zaɓa. Da shant 0.1 Ω da mataki 0.1 mA, lambar 4096 ce, kuma kowane mataki na rajistar wat ya zama ninki 20 na matakin karant, wato 2 mW. Laburaren Adafruit, wato furogiram ɗin da kamfanin Adafruit ya shirya don allon, da wannan lambar yake farawa. Yana ma sake rubuta ta kafin kowane karatun karant, saboda lodi mai fizgar wuta farat ɗaya kan sa ayisin ya koma farko ya manta saitinsa. Mai rubuta nasa furogiram ya kwaikwayi wannan dabarar. Ya kuma tuna cewa a rajistar boltej ɗin layi sai an ture bit uku na ƙasa tukuna a ninka da 4 mV. Biyu daga cikinsu tutoci ne, ɗaya tana cewa sabon awo ya kammala, ɗaya tana cewa lissafi ya wuce iyaka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Lodi na gaske ba ya tsayawa a karant ɗaya, don haka sai a riƙa karantawa akai-akai ana tarawa. A ce an karanta sau biyar, tsakanin kowanne daƙiƙa 10, an samu 0.20, 0.50, 0.80, 0.80 da 0.30 A, boltej kuma 5.00, 4.95, 4.90, 4.90 da 4.98 V. Hanya mafi dacewa ita ce a ɗauki matsakaicin kowane karatu biyu da ke maƙwabtaka a ninka da lokacin da ke tsakaninsu. Matsakaitan karant su ne 0.35, 0.65, 0.80 da 0.55, jimillarsu 2.35, sau daƙiƙa 10 ya ba da kulom 23.5, wato kusan 6.5 mAh. Ga makamashi, sai a fara ninka boltej da karant na kowane karatu: 1.000, 2.475, 3.920, 3.920 da 1.494 W. A bi da su ta hanyar nan, a samu jul 115.6, kusan 32 mWh. Daƙiƙa 10 misali ne kawai don lissafin ya fito fili. A aikace, karatu goma a daƙiƙa ya ishi yawancin lodi masu canzawa a hankali.

Lissafin mai sauƙi ne, amma wurare uku ne yake zubewa, kuma babu ɗaya da laifin allon ne.

Na farko lokaci. Mutum zai sa delay(1000), umarnin jiran 1000 ms, ya ɗauka kowane zagaye daƙiƙa ɗaya ne. Amma karanta I2C, da rubutu a sikirin, da ajiyewa a katin SD duk suna cin lokaci. Idan zagayen yana ɗaukar 1030 ms ana lissafa shi 1000, jimillar za ta gaza da kusan kashi 3 cikin ɗari, kuma kullum ta ɓangare ɗaya take gazawa, ba ta gyara kanta. Maganin shi ne a ɗauki millis(), agogon milisakan na Arduino, a kowane karatu a debe na baya, a yi amfani da ainihin tazarar. A ajiye shi a unsigned long, nau'in lamba cikakkiya marar negatif, ta haka ko da lambar ta cika ta koma sifili bayan kusan kwana 50, debewar za ta ci gaba da fitowa daidai.

Na biyu ya fi ɓuya. A Arduino Uno, float, nau'in lamba mai ɗigo, lambobi shida zuwa bakwai kawai yake riƙewa da tabbas, kuma double a can duk ɗaya ne da float. A ce jimilla ta kai 2000 mAh, lodi ya koma cin 1 mA, ana karantawa kowace 100 ms. Abin da za a ƙara a kowane zagaye 0.000028 mAh ne. A kusa da 2000, ƙaramin matakin da float zai iya bambantawa kusan 0.00012 ne, ƙarin bai kai rabinsa ba, sai a zubar da shi gaba ɗaya. Jimillar ta tsaya cik alhali batir yana ta zuba. Ba saƙon kuskure, ba komai. Mafita ita ce a tara a lamba cikakkiya mai bit 64, misali mikro'amfiya sau milisakan, sai lokacin nunawa a mayar da ita mAh ta raba da 3,600,000,000.

Na uku shi ne rikita mAh da Wh. Ma'aunin mAh caji ne, bai faɗi makamashi ba sai an san boltej. Batirin litiyom mai 2000 mAh a 3.7 V yana riƙe da kusan 7.4 Wh. Idan aka ɗaga wutarsa zuwa 5 V aka auna a can, ko da babu asarar komai 1480 mAh za a gani, da asara kuwa ƙasa da haka. Ba allon ne ya yi ƙarya ba, ba kuma lallai batirin ne na bogi ba. Duk inda boltej ya canza tsakanin wurare biyu, da Wh ake kwatantawa.

To ina raunin allon shi kansa? A ƙaramin karant ne ya fi bayyana. Rajistar shant tana tafiya da matakin 10 µV, wanda a kan 0.1 Ω yake nufin 0.1 mA, amma na'urar da ke juya awon zuwa lamba bit 12 ce, don haka a zangon 3.2 A ainihin matakin ya kusa 0.8 mA. Sai an rage zangon zuwa 40 mV, wato 400 mA, ake samun 0.1 mA na gaske. Ban da haka akwai kuskuren sifili: takardar bayanan ayisin ta yarda ya kauce har 100 µV a wannan zangon, wanda yake daidai da 1 mA. Ga lodi mai 200 mA wannan ba abin damuwa ba ne, kashi 0.5 cikin ɗari ne. Amma ga na'urar da matsakaicin cinta 2 mA ne, kaucewar 1 mA tana tara 24 mAh a yini a kan 48 mAh na gaskiya, rabi ke nan. Na'urar da ke barci tana cin mikro'amfiya kaɗan kuwa, allon bai ma san tana nan ba. Ana iya rage matsalar ta cire lodi, a karanta sau ɗari, a ɗauki matsakaici a riƙa debe shi daga kowane karatu. Ko kuma a cire R100 a sa resista 1 Ω, mataki ya koma 10 µA, iyaka ta sauko zuwa 320 mA, a kuma sake lissafin kalibireshan.

A babban karant matsalar zafi ce da faɗuwar boltej. Zafin shant yana tafiya da karant sau kansa sau ƙimar resista: 0.1 W a 1 A, 0.4 W a 2 A, ya haura 1 W a 3.2 A. Wat ɗaya a kan ƙaramin resista yana ƙona yatsa, kuma idan ya yi zafi ƙimarsa tana ɗan motsawa. Ga kuma 0.32 V da ya ɗauke, wanda a layin 12 V ba komai ba ne, amma a layin 3.3 V kusan kashi ɗaya cikin goma ne, ya isa ya sa na'ura ta riƙa kashe kanta. A ra'ayinmu 3.2 A lamba ce ta takarda, don aiki na awoyi kada a wuce 2 A. Wasu kan sauya shant da 0.01 Ω su ce yanzu allon ya kai 32 A. Ayisin zai iya karantawa, amma siraran layukan tagulla na allon da mazaunin wayarsa ba a yi su don haka ba. Mai son wannan ya sa shant na waje, ya jawo ƙananan wayoyin awo biyu kai tsaye daga jikin shant ɗin, domin a 0.01 Ω ko juriyar dalma da sukuru tana shiga lissafi.

Lodi mai kunnawa da kashewa da sauri, irin fitila ko mota da ake sarrafawa da PWM (dabarar yanke wuta da maido ta akai-akai don rage ƙarfi), yana buƙatar kula ta musamman. Awo ɗaya na bit 12 yana ɗaukar 532 µs, shi kuwa PWM na yawancin ƙafafun Uno kusan 490 Hz ne, zagaye ɗaya ya ɗan haura 2 ms. Karatu ɗaya zai faɗa lokacin kunne, na gaba lokacin kashe, lambobi su yi ta tsalle. Ayisin yana da maganin wannan a cikinsa: a sa shi ya ɗauki matsakaicin awo 128, wanda ke ɗaukar 68.1 ms, ya rufe zagaye talatin da wani abu. Karant zai nutsu, lissafin caji ya fito daidai. Wat kuwa sai an duba inda aka sa allon. Idan makunnin yana gabansa ta yadda boltej ɗin da yake gani ma yana yankewa, ninka matsakaicin boltej da matsakaicin karant ba zai ba da gaskiya ba. Lodi mai 12 V da 1 A da ke kunne rabin lokaci yana cin 6 W a matsakaici, amma 6 V sau 0.5 A 3 W ne. A sa allon a ɓangaren da boltej yake tsaye, kafin makunni. Ƙari kan haka, ayisin ba ya auna shant da layi a lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya yake yi, don haka ba kayan bin diddigin abin da ke canzawa cikin milisakan ba ne.

Iyakar 26 V kuma ba ta wasa ba ce. A saiti akwai zangon da aka kira 32 V, amma wannan ma'aunin lissafi ne kawai, ƙafafun ba su jure hakan. Batir mai suna 24 V yakan haura 26 V lokacin caji, ya fita daga hurumin wannan allon ke nan. Mota da rile kan harbo boltej mai tsini idan aka yanke musu wuta, a sa musu dayod na kariya. Kamfanin ya ba da shawarar resista 10 Ω a kowace ƙafar awo da kafasita tsakanin 0.1 zuwa 1 µF a tsakaninsu don tace hayaniya. Wutar soket ta gida kuwa kada ma a kusanta shi da ita: na DC ne zalla, kuma babu abin da ya raba shi da Arduino da kwamfutar da ke haɗe da shi.

Allunan da ke kasuwa ba daga hannu ɗaya suke fitowa ba, kuma daidaiton awon ya rataya ne a kan shant ɗin da aka liƙa. Resista mai kaucewar kashi 1 cikin ɗari zai ba da karant mai kaucewar haka, da wat, da mAh, da Wh. Gwajin minti biyar ne: a jera multimita mai kyau a layi ɗaya da allon, a ja karant tsayayye kusan 1 A. Idan multimita ta ce 1.000 A allon ya ce 1.020 A, a ninka 4096 da 1.000 a raba da 1.020, a samu 4015 da ɗoriya. Bit na ƙarshe a rajistar kalibireshan ba ya aiki, lamba mai rabuwa biyu kawai take zama, sai a rubuta 4016. Bayan wannan gyaran allon yakan bi multimita kusa da kusa a tsakiyar zangonsa.

Ga ɗalibi mai son ya ga da idonsa yadda karant yake taruwa ya zama caji, wat ya zama makamashi, rashin tarawar da allon yake da shi ma alheri ne, domin dole ya rubuta lissafin da hannunsa. Ga gwada ƙarfin ƙaramin batir, ko sa ido kan lodin 5 V da 12 V mai ci tsakanin 10 mA da 2 A, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Wanda aikinsa ya sauka ƙasa da haka ya dubi INA226, mai bit 16 da matakin 2.5 µV, mai kai wa 36 V, amma ya lura zangon shant ɗinsa 81.92 mV ne kawai, da R100 ba zai wuce kusan 0.8 A ba. Mai babban karant yana da INA260, wanda shant ɗinsa mai 2 mΩ yana cikin ayisin, yana ɗaukar har 15 A. Wanda kuma mAh da Wh ne ainihin buƙatarsa, musamman idan Arduino zai riƙa barci tsakanin karatu, INA228 ya fi dacewa da shi: bit 20 ne, yana kai wa 85 V, kuma yana da rajistar caji da ta makamashi da yake tarawa da agogonsa na ciki, sai dai a farka a karanta jimilla.